Mun Gayyaci Masu Gayyata

Ni dai lakwal, makarantar boko, ban gama ta ba. Aji biyar na kai, sai mahaifina ya ga shanun noma sun fi mushe, wato malaminmu, buƙatata, ya janye ni. Saboda haka faransancina kamar wando ne da tela ya ɗinka wa ƙafa ɗaya: in na tsaya ta gefe, sai ka rantse na yi shiga. A ƙauyenmu da ke ƙasan Garu, bakin gulbi, ƙafar nan ɗaya ta isa. Da anka bar zamanin juyin juya hali anka shiga na ƙuri'a, ƙungiyoyi sunka tsiro kamar ciyawa bayan ruwan fari, kowace kuwa tana son sakatare, kuma ni ne mai alƙalami. Na yi wa masu albasa, na yi wa masunta. Amma inda na bar tarihi shi ne kwamitin ɗakin haihuwa.

Ɗakin nan mu munka gina shi da laka, ciki biyu da rumfa. Mai aiki a ciki ungozoma ce ta likita da anka turo mana daga wajen Kandi, muna ce mata Madam. Gajeriya ce, amma in ta daka tsawa har jakin maƙwabta shina natsuwa. Kafin zuwanta, matar da naƙuda ta kama sai a ɗora ta bayan moto, wato babur, ko cikin amalanke a nufi gidan likita na Malanbil. Hanyar kuwa da damina kunu ce. Waɗanda sunka san abin da nake nufi sun sani, ba sai na tono ba.

Wata shekara gulbi ya cika ya tumbatsa, ruwa ya zo ya kwanta gindin bangon gabas kwana da kwanaki. Da ya janye, bangon ya tsage daga sama har ƙasa. Babban likita ya zo daga Malanbil, ya zura hannu cikin tsagar har gwiwar hannu, ya zaro, ya kakkaɓe riga. Ya ce in ruwan fari ya sauka ba mu da gini mai lafiya, zai sa kwaɗo ya rufe, ya maida Madam wani gari. Ba mugunta ya yi ba. Ni ma da ni ne, ba zan kwantar da mai jego ƙarƙashin bangon nan ba.

Shugaban kwamitinmu taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, mai kiwo da fataucin shanu har Paraku. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba, haka al'ada ta ba mu. Bai san baƙi ba, amma ba ya ganin takarda ya bar ta. Wata rana ya dawo daga fatauci, ya tara mu gindin mangwaro, ya zaro wata takarda mai sheƙi daga aljihun ciki. Ya ce a hanya ƙaya ta soke shi, ya tsaya wani ɗan gidan likita na ƙauye, ya tarar da gini na siminti fes, rufin tol, wato kwano. Ya tambayi wanda ya gina, anka ba shi wagga takarda.

"Ungo, Mushe Rabi," in ji shi. Sunan da ya laƙa mini ke nan. "Karanta mana rabin da ka iya."

Na gyara zama, na karanta. Ina da dabara ta mutanen da sunka daɗe cikin aiki: in na iske kalmar da ban sani ba, sai in yi tari in tsallake. Abin da na tsinta tsakanin tari da tari shi ne, wata gidauniya ce ta iyali guda. Wani mai masaƙa a Turai ya rasu ya bar dukiya, matarsa da ɗiyansa da jikokinsa sunka ware wani kaso suna taimakon gidajen likita da makarantu na ƙauye. Suna da ɗan biro, wato ofis, a Kotonu. Can ƙasa, da manyan baƙaƙe, an rubuta taimakonsu sai da "anbitasiyo".

Wagga kalma na san ta sarai. Na gan ta kan katin auren wani ma'aikacin duwan, kwastan ke nan, da ya taɓa kira na biki. Gayyata ke nan. Na ɗaga kai na dubi jama'a.

"Sun ce ba su zuwa sai an gayyace su."

Kowa ya hau gyaɗa kai. Taubashina ya buga sanda ƙasa.

"Kun ji ɗiyan mutunci! Ba su cin gayyar soɗi kamar wani da na sani, wanda in ya ji ƙamshin miya sai ya tuna shina da saƙo gidan."

"Ai gidanka ba a jin ƙamshi, sai kukan maraƙi," na ce.

Akwai wani layi ƙasan wancan, da ƙananan baƙaƙe. A nan tari ya kama ni sosai. Na faɗi wanga ne don Allah ya gani ban ɓoye ba.

Sai shawara ta koma kan abin da za a gayyace su. Ba mu da aure a gaba, suna kuwa Madam ta ce kada wanda ya kuskura ya ari jaririn mutane. Taubashina ne ya ce a kira gayya. A wurinmu in aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya, noma ne ko gini, sai ka raba goro ka sa rana, dangi da maƙwabta su zo su yi maka, kai kuma ka ciyar da su. Ya ce mu kira gayyar yaɓe, a cike tsagar bango, a gayyato dangi na Madekali da Tumbutu, a haɗa da mutanen Turai.

Madam ta ce, "To a rubuta musu abin da muke so. Gini muke so, ba rawa ba."

Nan duk tsofaffi sunka taso mata. Ba a kiran baƙo a buɗe mishi rumbu a nuna mishi gindinsa. In ya zo shina da ido, kuma mai mutunci ba ya cin shinkafarka ya ga bangonka a tsage ya tahi hakanan. Ta ɗaga kafaɗa, ta koma wurin aikinta.

Kwana uku na yi ina rubuta wasiƙar. Na gaida tsohuwar, na yi mata ta'aziyyar mijinta ko da yake ban san shekarun rasuwarsa ba, na gaida ɗiya da jikoki. Na ce ranar kaza muna da gayyar yaɓe, muna roƙon su girmama mu da zuwa. Na ce in ba su iya cuɗa laka ba, ba komi, mu ma tsofaffinmu inuwa suke zama suna gyara wa matasa aiki da baki. Na ce akwai shinkafar bana da kifin gulbi. Ban nemi ko allura ba. Taubashina ya kawo goro fari guda bakwai, anka naɗe cikin ganye, don gayya ba goro ba gayya ba ce. Munka damƙa wa wani direba mai kai albasa Kotonu.

Amsa ba ta zo ba. Munka ce ai manya ba su amsawa, zuwa suke.

Ran gayya tun da hantsi gari ya cika. Mata sun ɗora tukwane, masunta sun kawo kifi, taubashina ya ba da rago, abin da har yau nake ganin shi ne babban abin mamakin labarin nan. Makaɗa na kiɗa, samari na cuɗa laka da ƙafa. Mun aro kujeru uku daga lakwal, mun jera gindin mangwaro, mun shimfiɗa musu zane. Duk ƙurar da ta tashi kan hanya, sai kowa ya miƙe. Sau biyu shanu ne, sau ɗaya mai tallan kananzir.

Da azahar sai ga mushe, shugaban lakwal ɗinmu, ya zo ganin inda kujerunsa sunka kwana. Saurayi ne a kaina, mai ladabi, ɗan kudu. Ya tambayi baƙin da ake jira. Na zaro takardar nan mai sheƙi na miƙa mishi, ina jin kaina kamar hakimi. Ya karanta. Ya cire tabarau, ya goge, ya sake karantawa. Sannan ya kama hannuna ya ja ni bayan rumbu.

"Baba Sakatare, wa ya fassara muku wannan?"

"Wani ne," na ce. "Mi ya faru?"

"Baba, su ne ke gayyata. Ba a gayyatar su."

Ya nuna mini layin da tari ya ci. Layin cewa ya yi duk takardar da ta zo daga wanda ba su kira ba, ba za a duba ta ba. Ya yi mini bayani sannu-sannu, yadda ake yi wa ɗan aji ɗaya. Dukiyarsu ce ta gida, ba ta gwamnati ba, ba wanda ya zaɓe su balle ya tilasta su. Mutanen biro ɗinsu ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. In sunka buɗe ƙofa, duk ƙasar nan za ta rubuto, har mai neman kuɗin aure. Don haka sai su rufe, su sa wani amintacce shina yawo shina dubawa, shina tambayar waɗanda sunka riga sunka taimaka wa: wa kuka sani mai aikin kirki? In sun gamsu, sai su aiko su ce, ku rubuto mana buƙatarku. Wannan ita ce gayyatar. Kuma ba mutum ɗaya suke ba, sai ƙungiya ko ma'aikata mai takardun hukuma.

"To wanda ba su taɓa jin labarinsa ba, ta ina zai shiga?"

"Ba ya shiga, Baba. Jira yake."

Na jingina da rumbu. Ƙamshin ragon taubashina na dukan hancina, amma yawu ya ƙi zuwa. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, ni nawa ranar har wuya ya kama.

Na so in bari rana ta faɗi, a ce baƙi sun yi ɓatan hanya. Amma Madam na can tana ɗauko wa masu yaɓe ruwa, tana duban hanya ita ma, ko da yake tana yi kamar ba ta duba. Da anka yi la'asar na tsaya gaban kujerun nan uku na faɗi gaskiya. Na ce kalmar na karanta ta daidai, fuskarta ce na juya.

Taubashina ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.

"Jama'a, ku shaida! Amarya ta kai kayan aure gidan ango! Kai, ragona! Ashe don tarin wanga mutum ka mutu!"

Anka yi ta dariya, ni ma na taya, don ba ni da wata rigar da zan sa. Madam ba ta yi dariya ba. Ta ce wa mutane su zauna su ci abinci tun bai huce ba, sun yi aiki, Allah shi biya. Da ta zo wucewa kusa da ni ta ce a hankali, "Baba, yaɓen nan kwalli ne a idon makaho. Ka sani, na sani." Ta wuce. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Bayan kamar mako uku, wata mata ta sauka daga zemijan, moton haya, ƙofar ɗakin haihuwa. Dattijuwa ce, zane ɗaya da kallabi, takalmin roba. Ranar awo ce, mata cike da rumfa. Madam ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "In awo ne kin makara da shekara goma, in talla ne jira." Matar ta zauna kan benci. Can Madam ta leƙo tana neman mai riƙe mata tasa, ta miƙa wa baƙuwar, ita kuwa ta karɓa. Sai da rana ta take sannan anka gane ko wace ce, anka aika a kira ni daga gonar albasa.

Ita ce mai yi wa gidauniyar yawo, daga Paraku take. Tana jin Dandanci kaɗan, Hausarta ta kasuwa ce, sai munka haɗa da faransancina, tsakaninmu munka ɗinka wando guda. Ta ce takardun roƙo na zuwa biro ɗinsu buhu-buhu, kuma akwai amsa bugaggiya da ake maida wa kowa. Tamu ta zo tana warin albasa, da goro bakwai. Mai buɗe wasiƙu ya karanta sama da ƙasa shina neman abin da muke roƙo bai samu ba, ya rasa tulin da zai sa ta. Sai anka karanta wa tsohuwar ta waya. Ita kuwa ta ce, mutanen da sunka kira ka gidansu, sunka dafa maka shinkafa, ba a maida musu bugaggiyar takarda. A tahi a ba su haƙuri.

"Haƙuri na kawo, Baba. Ban zo da komi ba, kuma ban zo in yi alkawari ba."

"Ai haƙurin ma ya yi tsada," in ji taubashina, da ya iso shina haki. "Daga Paraku! Hajiya, in da kin faɗa mini da na riƙo miki shi, kullum ina hanyar."

Kwana biyu ta yi a gidan Madam. Ba ta tara taro ba, ba ta yi jawabi ba. Ta duba littafin da Madam ke rubuta haihuwa, shafi-shafi. Ta ƙwanƙwasa sabon yaɓenmu, ya amsa mata kamar ganga. Ta bi mata bakin gulbi wurin wanki tana tambayarsu, ba mu kusa. Ta sa mai zemijan ya kai ta rabin hanyar Malanbil ya dawo da ita don ta ji da ƙugunta. Ta ce mu nemi takardar hukuma ta kwamitinmu, mushe ya ɗauki nauyin wannan.

Ran da za ta tahi na raka ta bakin hanya. Na ce, "Hajiya, ni jahili ne, kin dai gani. Amma wanga tsari naku, adalci ne? Da ban yi kuskure ba, da ba ki san muna duniya ba."

Ta dubi takalmin robarta.

"Ba duka ba," ta ce. "Inda ƙafata ta kai, nan idonsu ya tsaya. Ƙafata kuwa biyu ce. In sun buɗe ƙofa, mai iya rubutu ne zai ci, ba mai iya aiki ba. In sun rufe, wanda ke nesa da hanya ya rasa. Sun zaɓi ciwo ɗaya cikin biyu."

Sannan ta faɗa mini abin da ya fi nauyi. Iyalin sau ɗaya suke zama a shekara, kuma zamansu sai bayan damina tamu. Ko sun so mu, ba abin da zai zo kafin ruwa.

Hadari ya fara haɗuwa gabas. Babban likita ya zo da kwaɗonsa kamar yadda ya faɗa, da takardar tashin Madam cikin jaka. Munka kewaye shi muna roƙo. Ya ce shi ba ya gaba da kowa, a nuna mishi ɗaki mai siminti da rufin tol, zai bar ta damina ɗaya. Duk ƙauyen kuwa ɗaki ɗaya ne haka. Nawa. Shekara shida ina tara shi da albasa, don in miƙe ƙafa cikinsa in tsufa.

Taubashina ya dube ni, ya dubi sama.

"An ce tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka."

Ina shirya amsa, ina neman wadda za ta fito da ni da mutunci kuma da ɗakina, sai na ji muryar uwargidana daga bayan mata: "Likita, zo ka gani. An riga an share." Ashe tun da safe ta fitar da gadona. Shekara arba'in da aure, ban san ta da saurin aiki haka ba.

Daminar nan a rumfar albasa na yi ta. Wanda bai kwana da albasa wata huɗu ba kada ya yi mini wa'azin haƙuri. Har masallaci sai sahu ya buɗe mini. Amma ina zaune bakin rumfata ina ganin mata na shiga gidana da ciki suna fita da goyo, ba wadda anka ɗora kan moto sai guda biyu da Madam da kanta ta ce aikin ya fi ƙarfinta. Tsakiyar damina bangon gabas na tsohon ɗakin ya zube, da yaɓenmu da komi, daidai inda gadon haihuwa yake a da. Munka tsaya muna kallon tulin ƙasar.

Bayan an yanke shinkafa takarda ta zo daga Kotonu. Wanga karo mushe ya karanta, ni ina bayansa ina bin layi da ido, ban yi tari ko sau ɗaya ba. Suna gayyatar kwamitinmu ya rubuto buƙatarsa. Madam ta zauna da mushe sunka tsara, ni na sa hannu, aikin da ya dace da ni tun farko.

Labari ya bazu, ya kuma lalace a hanya. Mutanen wani ƙauye wajen Tumbutu, da makarantarsu ta zana ce, sunka ji cewa goro ne sirrin. Sunka aika ƙwarya guda da wasiƙar gayya. Bugaggiyar takarda anka maido musu. Sakatarensu ya zo har gida shina tambayata addu'ar da na tofa. Na ce ba ni da ita, kuskure ne, kuma kuskure ba ya haihuwa sau biyu. Na ji tausayinsa, don buƙatarsu ba ta kasa tamu ba. Abin da munka iya kawai, da matar Paraku ta dawo duba gini ta tambayi Madam wa ta sani mai aikin kirki, Madam ta ambaci malamin makarantar nan. Matar ta rubuta. Ta ce ba alkawari. Ni dai har na bar sakatarci ban ji ƙafarta ta kai can ba, amma ban ji an ce ba za ta kai ba.

Ginin ya tashi da rani, kan tudu, nesa da inda ruwa ke kwanciya. Ciki uku, siminti, tagogi masu raga. Ba wanda ya zo daga Turai, ba a yanka ƙyallen buɗe gini ba. Babban likita ne ya zo, ya zagaya, ya daki bango da tafin hannu kusurwa-kusurwa. Sannan ya buɗe jaka, ya zaro takardar tashin Madam, ya ja mata layi biyu, ya miƙa mata makulli.

Na gyara riga zan yi jawabin da na kwana uku ina shiryawa, na tsaya tsakiyar ƙofa, na ce, "Jama'a." Sai Madam ta dafa ni ta ture gefe.

"Baba, kauce. Ga mai naƙuda nan tahe."

Na waiga. Wata yarinyar masunta ce, daga fadamar shinkafa, ƴan'uwanta biyu na riƙe da ita, tana tahowa da ƙafarta, tana tsayawa tana cije leɓe tana sake tahowa. Na kauce.